Yadda Na Yi Wa Bahago Ta'aziyya Yana da Rai

Ku matso da bencin nan, kai kuma ajiye wayar, ai ba za ta gudu ba. Ɗazu na ji ɗayanku yana cewa fassarar fim ba sana'a ba ce, wai duk mai baki da makirfo zai iya. Madalla! Ni Sahabi na fi shekara ashirin ina tsaye gefen farin ƙyalle a garin Gwandu, ina mai da maganar Turawa da Indiyawa da mutanen Sin Hausa, fim na tafiya ina tafiya, ba a tsayar da shi in sha ruwa. Ku kuna naɗa a waya, ku goge, ku sake, ku goge, har sai ya yi muku daɗi. Ni in harshena ya yi tuntuɓe, rumfa guda ce ta ji, kuma gobe zan tarar da maganar tana jirana a kasuwa.

Abin farko da maigidana Malam Bawa ya miƙo mini a gidan kallonsa na Kalgo ba makirfo ba ne, jarkar mai ce. Wata shida ina ɗauko fetur, ina sharar rumfa, ina goge kan bidiyo da auduga, ina liƙe zaren kaset da salatif idan na'ura ta tauna shi. Sannan wata rana da hantsi ya zaunar da ni gaban talabijin, ya kashe murya ƙurmus, ya ce in gaya masa abin da mutanen ke faɗa.

Na ce, "Maigida, ai ban ji komai ba."

Ya ce, "Kunne nic ce ka yi aiki da shi? Dubi girar mutumen can. Faɗa yaz zo yi ko biko?"

Turancina na sakandare ne, shi ma ban kai shi ƙarshe ba. Indiyanci kuwa ko "zo" ban sani ba. Amma a hannun mutumin nan na koyi karanta gira da kafaɗa da yadda mutum ke ajiye kofi. Ya koya mini in kalli fim ni kaɗai sau uku kafin in nuna wa kowa, in san inda zan yi magana da inda zan rufe bakina. Ya ce mai fassarar da ke surutu lokacin da uwa ke kuka a fim, a karɓe makirfo a ba shi tsintsiya.

Akwai kuma wata doka tasa da ba a tsallakewa. Da fim ya ƙare, rubutun sunaye ya fara hawa sama, sai a kashe inji. "Ba wanda yab biya kuɗi nai don shi karanta sunan kakannin wasu," in ji shi. "Rubutu fetur shika sha, kuma ladan bai jiranka." Gaskiya ya faɗa. Kallonmu na bayan la'asar ne, dole a watse kafin magariba, kuma a fina-finan wancan lokaci da an kashe mugu an kai amarya ɗaki, to magana ta ƙare. Dokar nan ta shiga jikina har ta zama ba da tunani nake yin ta ba. Ko ni kaɗai nake kallon gwaji, da na ga rubutu sai yatsana ya kai kan makunni.

Da ya yaye ni, na dawo Gwandu na kafa tawa rumfar ta kwano a bayan tasha. Benci goma sha biyu, fanka biyu, lasifika ɗaya mai tari idan an ƙure ta, da baƙin allo a ƙofa wanda nake rubuta fim ɗin ranar da alli. Kaset ya wuce, faifai ya zo, shi ma ya wuce. Na sayi majigi na ɗaura farin ƙyalle, wanda matata ke wankewa da bula duk wata. Muna cin abinci daidai gwargwado, ba yabo ba fallasa, har zuwa lokacin da fina-finan jaruman nan masu tashi sama suka iso.

Na tuna na farkon da ya shigo hannuna. Na kalle shi da safe ni kaɗai, na ga mutum ya tare motar haya da ƙirji, na ce wannan ƙarya ta yi yawa, mutanena ba za su karɓa ba. Ashe ban san mutanena ba! Ranar da na saka shi, benci ya cika, aka zauna ƙasa, aka tsaya a taga. Kashegari sai ga babura daga Kambaza da Malisa, mutum uku-uku a kan kowanne. Daga baya na riƙa ji a rediyo cewa fina-finan nan sun cika manyan gidajen kallo na duniya, sun tara dukiyar da baki ba ya iya faɗa. Ban yi mamaki ba ko kaɗan. Ni tun a yawan takalman da ke ƙofar rumfata na gane haka.

Kuma wallahi ina jinjina wa waɗanda suka yi su. Sun san zuciyar ɗan Adam. Ku duba fa, jarumin nasu da rana ba kowa ba ne. Maigidansa na yi masa tsawa, mai shago na yi masa kallon banza, ya sunkuyar da kai ya wuce. Amma idan gari ya rikice, shi ne zai rufe fuska ya fito, ya gama aikin, ya koma ba wanda ya ce masa sannu. To wa ke zaune a bencina? Manomin da ruwa ya cinye wa shinkafa a fadama yana kallo, bai iya tare ko kwano guda ba. Masuncin da ya kwashi yini a kogi ya fito da abin da bai kai miya ba. Bafillacen da ya bi shanu tun daga Dodoru a ƙafa. Ka nuna wa irin wannan mutum wani ya sa kafaɗa ya tare gada tana faɗuwa, ya ƙi saki, sai ka ji rumfa ta yi tsit, kowa ya ɗaure jijiyar wuyansa kamar shi ke ɗauke da ita. Ba ƙarfin ne ke kama su ba. Ƙin sakin ne.

Nawa aikin shi ne in mai da baƙo ɗan gari. Sunayensu ba sa zama a bakin mutanenmu, sai mu raɗa musu namu. Akwai guda da muka sa wa Bahago, don duk dukan da zai kashe magana da hagu yake yin sa. Na yi masa kirari irin na 'yan dambe. Da ya ja hannun baya sai in ce, "Bahago, hagunka ba ta sallama!" rumfa ta ɗauka gaba ɗaya. Fim huɗu muka yi tare da shi, har yara a unguwa suka koma jifa da hagu, iyayensu mata na zagina.

A cikin masu kallona babu kamar Ummaru Dogo, mahauci. Saboda tsawonsa kowa na ƙorafin ya tare masa ƙyalle, sai ya sa kafinta ya yi masa ɗan gajeren benci nasa, ya ajiye a gaba kusa da ƙafata. Dogo bai taɓa fashi ba. Kuma shi ne bakina na biyu, domin duk abin da na fassara yau, gobe yana teburinsa yana sara nama yana ba da labarin, da kirari da komai. Tsofaffin da ba sa shiga gidan kallo, da matan da ke aiko a saya musu nama, duk ta bakin Dogo suka san Bahago. In wani ya yi masa gardama, amsarsa ɗaya ce: "Sahabi yaf faɗi." Daga nan ba a ƙara magana.

Fim na biyar shi ne ya ja mini. Na kalle shi sau uku kamar kullum. A ƙarshe Bahago ya rungumi wani abu mai fashewa ya faɗa teku da shi don ya tsirar da gari. Aka nuna abokansa tsaye a bakin kabari da baƙaƙen kaya. Rubutu ya fara hawa, na kashe. Sau uku, duk haka.

Ranar nuni na yi aikin da har yau ban yi kamarsa ba. Na rage murya, na bar shiru ya yi nasa aikin. Da aka zo wajen kabarin na ce, "Jama'a, Bahago ya riga mu. Wanda duk ya ci amfaninsa, ya yafe masa." Na ga manyan mutane masu gemu suna goge ido da bakin riga. Dogo ya cire hularsa ya ɗora a gwiwa. Na kashe inji, aka fita ba mai magana, a ƙofa har ana ba juna hannu ana cewa sai haƙuri. Kwana uku Dogo yana karɓar gaisuwa a teburinsa, rabi wasa rabi gaske. Ni kuwa kaina ya yi girma, ina jin babu mai fassara kamata daga nan har Birnin Kebbi.

A lokacin Malam Bawa ya riga ya rasu, Allah ya jiƙansa, rumfarsa ta Kalgo tana hannun ɗan ƙaninsa Nasiru. Nasiru mutumin kirki ne, amma malalaci ne na ƙarshe. Ranar da ya saka fim ɗin, rubutu ya fara hawa yana can waje yana cinikin rake, bai kashe inji ba. Wasu suka zauna don shan iskar fanka. Rubutu ya yi ta tafiya, ya yi ta tafiya, sai kawai hoto ya dawo. Aka nuna wata kasuwa mai nisa, ga wani mutum ya ja hula har ido, kaya suka zame daga kan mota za su danne wata tsohuwa, ya miƙa hannu ɗaya ya tare. Hannun hagu. Ya ɗago kai. Lalaci ya ba Nasiru abin da ƙwazo ya hana ni.

Ranar kasuwar Kalgo, Dogo ya je kara, wurin cinikin shanu, sayen sa. Hira ta kawo hira, ya yi wa wani dillali ta'aziyyar Bahago. Dillalin ya ce wane Bahago, ai yana nan da ransa. Dogo ya ce ƙarya ne. Aka taru. Mutanen Kalgo suka ce yana raye, Dogo shi kaɗai ya tsaya ya ce ya mutu, har da bugun ƙirji: "Sahabi yaf faɗi, kuma Sahabi bai ƙarya!" Suka ja shi har rumfar Nasiru, aka saka masa wurin ya gani da idonsa. Gani ya kori ji. Tun daga ƙofar rumfar har tasha ana bin sa ana cewa, "Dogo, ya haƙuri? Ya ƙarin haƙuri?"

Kashegari da hantsi ina goge allo sai na gan shi tsaye. Bai yi sallama da fara'ar da na saba ba. Ya gaya mini abin da ya gani, na ce ba zai yiwu ba. Na kunna inji, na saka fim ɗin, na tura shi ƙarshe, na riƙe hannuna da ɗaya hannun don kada ya kai makunni. Muka tsaya mu biyu muna kallon rubutu. Da hoton ya dawo, na zauna a kan bencinsa.

Ya ce, "Sauran fa? Huɗun da sunka wuce?"

Na saka su ɗaya bayan ɗaya. Kowanne da tasa wutsiyar. Wani ma biyu gare shi. Shekaru ina yanke wa mutane labari ban sani ba.

Dogo ya ce, "Sahabi, ni mahauci ne. Ban taɓa sai da ma mutum sa ba in riƙe wutsiya. Ba dariyar da anka yi min ta dame ni ba. Sunanka nir rantse da shi." Ya ce in tashi. Na tashi, ya ɗauki bencinsa ya saɓa a kafaɗa ya fita.

Wannan ita ce muguwar shekarata. Ba ruwa ba ne, ba gobara ba, ba tsadar mai ba. Magana ce kawai ta zaga gari cewa Sahabi na yanke fim. Wasu suka ce da gangan nake yi don rowar fetur. Matasa suka koma ana tura musu a waya, masu babura suka riƙa wucewa Kalgo ranar kasuwa. Waɗanda suka rage, in na fassara magana sai in ji wani daga baya ya ce, "Ka tabbata?" a fashe da dariya. Wannan kalmar ta fi mari zafi, na rantse muku. Mai fassara ba shi da jari sai yarda. Akwai ranar da na yi wa mutum biyar fassara, biyu daga ciki barci suke yi. Har na kira wani daga Jega ya zo ya taya majigin, na ce masa zan yi shawara.

Na daina yankewa tun daga ranar, amma wa ya gani? Kuma girman kai ya hana ni zuwa wurin Dogo. Watanni ina zagaye layin mahauta, har matata ta gaji da miyar da ba nama ta ce, "Malam, kai ka yi laifi, mu ke azumi?" A ranar na je. Na tsaya a teburinsa har ya sallami kowa, na ce na zo ba da haƙuri.

Bai ɗago ba, yana wasa wuƙa. Ya ce, "Gaban jama'a kak kashe shi. Gaban jama'a za ka tashe shi."

Na rubuta a allo da manyan baƙaƙe cewa ranar Juma'a za a sake fim ɗin Bahago daga farko har inda ƙyalle zai yi baƙi, kuma ba a karɓar ko sisi. Na ce a zo da an sallame la'asar, don kada magariba ta riske mu. Rumfa ta cika, amma na san rabinsu sun zo ne su ga yadda zan ƙare. Dogo ya zo, bai kawo benci ba. Ya tsaya a ƙofa ya harɗe hannu.

Fim ya tafi, aka zo kabari, na yi shiru. Rubutu ya fara hawa. Nan fa na gane akwai abin da ban shirya masa ba: me mai fassara zai ce na kusan minti goma ana nuna sunaye? Mutane suka fara motsi, wani ya miƙe yana neman takalminsa. Sai na dubi rubutun sosai, karo na farko a rayuwata. Ashe gefen kowane suna an rubuta aikinsa. Na ɗaga makirfo.

Na ce, "Jama'a, ku zauna. Waɗanga su ne sunka yi aikin. Ga teloli, su sunka ɗinka rigar Bahago. Ga kafintoci. Ga masu fenti. Ga masu walda." Wani mai walda a benci na uku ya ce, "A'a! Har da mu?" Na ce har da ku. Ga direbobi, sun fi layin tasha tsawo. Ga masu jan wayar wuta. Ga waɗanda ke faɗowa daga bene a madadin jarumi, ƙashinsu ke karyewa, shi a tafa masa. Ga masu aski. Ga masu ɗaukar kaya. Duk sana'ar da na kira sai masu ita su amsa, rumfa ta koma kamar ana kiran dangi a wurin biki. Mutum ɗaya muke gani yana tashi sama, ashe gari guda ne ke riƙe da shi, kuma shekara ashirin ina kashe musu wuta a fuska.

Daga ƙofa sai na ji muryar Dogo: "Akwai mahauci?"

Na duba, na duba, ban gani ba. Zuciyata ta ce ka ce akwai mana, wa zai karanta? Amma na ce, "Ban gani ba, Dogo. Ga dai masu dahuwar abinci, su goma sha wani abu. Mahauci kam ba a rubuta shi ba."

Ya ce, "In akwai masu dahuwa, shina nan. Ci gaba."

Rubutu ya ƙare, hoto ya dawo. Kasuwa, mota, tsohuwa, kaya suka zamo, hannun hagu ya tare. Kafin in buɗe baki rumfa ta ɗauki kirarin da kanta, har kwanon rufi yana amsawa. Na jira suka lafa, na ce, "Jama'a, ni Sahabi na yi muku ta'aziyyar mai rai. Laifina ne, ba na kowa ba. Na janye ta. Barkanmu da arziki." Aka yi ta ba juna hannu ana dariya. Na juya ƙofa, Dogo ba ya nan. Na ce shi ke nan, na biya amma bai karɓa ba.

Rumfata ba ta koma cika irin ta da ba, kada in yi muku ƙarya. Waya ta riga ta shigo, kuma ga ku nan kun fito. Amma ban sayar da majigin ba, kuma "ka tabbata?" ta mutu daga ranar. Don haka kai mai cewa duk mai baki zai iya, in ka ɗauki aikin mutane za ka mai da shi Hausa, ka kalle shi har ƙyalle ya yi baƙi, kuma abin da ba ka gani ba kada ka ce ka gani.

Dogo kuwa, kashegari Asabar na zo buɗe rumfa sai na tarar da gajeren bencin a bakin ƙofa. A kansa akwai ƙunshi a takardar siminti, an ɗaure da igiya. Na kwance. Wutsiyar sa ce guda, an gyara ta tsaf, ba a rage ko gaɓa ɗaya ba.